Tafiyarmu Akra da Maƙoƙon Inna

Tun da na dawo daga Gana ban sami sakat a majalisarmu ta bakin tasha ba. Wannan ya ce da gaske ne wuta aka ɗura wa Inna ta sha, wancan ya ce ya ji jikinta na haske a cikin duhu, wani kuma damuwarsa kawai ko na ga teku. Na ba da labarin har bakina ya yi tsami, kuma duk lokacin da ya zaga gari ya dawo mini sai in tarar ya yi ƙiba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa, in bai iya karatu ba ya nemi ɗansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, malamin firamare ne ni a Gusau, amma a Bunguɗu aka haife ni. Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ya san abin da nake nufi. Ba ta kama sunana, ba ta zama kusa da ni, in tana da magana da ni sai ta dubi bango ta faɗa wa bangon. A wajen kakata na tashi. Ban taɓa jin haushin haka ba, don na san inda ake ajiye mini tsokar kaza mafi girma in na je gida.

A unguwarmu ba a haihuwa ba a kira Inna ba. Ita ke yi wa jariri wankan farko, sannan ta kwance dabino daga haɓar zaninta, ta tauna shi ya yi laushi, ta lakato da yatsa ta goga masa a dasashi, ta yi addu'a ta tofa masa a ka. Duk jikokinta da dabinonta suka buɗe baki, kuma ba ta da abin taƙama da ya wuce wannan.

Sai maƙoƙo ya kama ta, irin mai sa rama. Tana ci kamar mai noma amma zani na zame mata, zuciya na bugu, ga zufa ko da sanyi, ga faɗa da kowa har da kaji. Likita a Sakkwato ya ba ta ƙwayoyi, in ta sha abin ya lafa, in ta bari ya dawo. Ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki yanka ba. Amma akwai wani magani da ake haɗiya sau ɗaya ya ƙone ciwon daga ciki, shi dai bai san inda za a samu kusa ba sai wani babban asibiti a Akra. Inna ta ce ba inda za ta. Ranar da hannunta ya yi rawa har jaririn maƙwabta ya suɓuce mata cikin kwano, ko da yake ba abin da ya same shi, ta dawo gida ta dubi bango ta ce, “A nemo mota.” Dalilinta ɗaya ne. Sa'a, autarmu, na da cikin fari, kuma gida za ta dawo ta haihu. Inna na son hannunta ya tsaya kafin ranar.

Muka hau babbar bas ta Legas daga Gusau da hantsi. Inna ta yi guzuri kamar za mu yaƙi: dakuwa, ƙuli-ƙuli, garin kunu, daddawa, buta biyu don kada ɗaya ta ɓace. Da na zo zama kusa da ita sai ta ɗora ƙullin kaya a wurin, ta kira wata mata mai sayar da atamfa ta zauna. Na koma baya kusa da wani ɗan tireda mai minshari. Ina ji matar ta tambaye ta wane ne ni, Inna ta ce, “Wani yaro na, ɗan unguwarmu, shina yi min rakiya.” Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Duk inda aka tsaya sai matar nan ta zo da saƙo: “Hajiya ta ce ka ci abinci,” “Hajiya ta ce ka rufe ƙirjinka, akwai iska.” Kafin mu kai Legas matar ta gane, ta riƙa isar da saƙon tana dariya.

Mun huta a Agege wajen wani ɗan garinmu mai sayar da albasa, washegari muka kama hanyar bakin teku. A yini ɗaya muka ƙetare iyaka uku, kuma a ta farko muka kusa kwana. Jami'in ya duba takardunmu, ya dubi tsohuwa mai kumburin wuya, ya dube ni, ya sa a tambaye ta mene ne tsakaninmu. Inna ta ce ɗan gidansu ne. Ni kuwa na riga na ce uwata ce. Ya sa a sake tambaya, ɗanta ne ko ba ɗanta ba? Inna ta ja mayafi ta rufe baki ta kau da kai. Nan fa mutumin ya fitar da mu daga layi, don a ganinsa na sato tsohuwar wani ne. Direba na ta buga oda, fasinjoji na harararmu. Allah ya kawo wani Ba'adare mai sayar da shayi a wurin, ya yi wa jami'in bayanin al'adarmu da Faransanci. Jami'in ya ce ya ji, amma dai yana so ya ji daga bakinta.

Na durƙusa na ce, “Inna, don Allah. Mota za ta tahi ta bar mu.”

Ta daɗe tana kallon takalminta, sannan ta ce a hankali, “To, an dai ce ni na haihe shi.”

Da aka fassara masa, jami'in ya yi dariya har ya cire hula. Ni ban yi dariya ba. Wannan ne karo na farko da na ji ta amsa ni a gaban mutane, kuma raina ya yi fari ƙal, ko da yake da “an ce” aka ba ni.

A Kwatano Inna ta ga mata na tuƙa babur da goyo a baya, ta yi salati. Ta ga burodi dogo mai tauri, ta ce wannan na korar awaki ne. A Lome hanya ta bi gefen teku, kowa a motar ya juya yana kallo, ita kuwa ta duba sau ɗaya ta ce ruwan da ba a ban-ruwa da shi, ba a sha, ba ta ga amfanin yawansa ba. Aka ce mu mayar da agogo baya da awa ɗaya. Ta ce ita da rana take salla, rana kuwa ba wanda ya mayar da ita baya.

A Akra mun sauka a zango, gidan wani tsohon abokin cinikin goron marigayi Baba. Matarsa, Hajiya Adiza, mace ce mai faɗin jiki da faɗin zuciya, jikar Hausawa ce amma ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsu da daɗi, sai dai a gaggauce take, kuma har muka taho Inna ba ta bar gyara musu ita ba. Gida ne na haya mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, yara kamar an zubo su daga buhu. Kafin la'asar duk sun hau cinyar Inna, ta tofe su da addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Abinci ne ya fara haɗa mu rigima. A asibiti, ranar farko, an ce kafin a ba ta magani ta bar kifin teku da gishirin leda mai aidin. A Akra kuwa ban ga abin da ba a sa wa kifi ba, ina jin har shayi in ka yi sake. Hajiya Adiza ta kawo dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, da soyayyen kifi da baƙin yaji wanda shi ma da kifi aka daka shi. Na ce Inna ba za ta ci ba. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce tun da take ba a taɓa mayar mata da kwano ba. Daga ƙarshe aka sasanta a kan shinkafa da wake da suke dafawa ja da karan dawa, da miyar daddawar Inna. Ni na cinye kifin mutum biyu kullum don a zauna lafiya, kuma ban yi ƙorafi ba.

Wata Asabar muka ji kiɗa da bushe-bushe, Inna ta leƙa don ta ga amarya. Ashe gawa za a kai, a cikin akwati mai siffar kifi, 'yan uwa na rawa a baya. Aka ce mamacin masunci ne, kuma ya yi wata biyu yana jiran dangi su taru. Inna ta ce mu da ke binnewa kafin tuwo ya huce, da su da ke jira, Allah dai ya san wanda ya fi ƙaunar nasa. Ta juya ga bango ta ce in ta mutu a nan kada wanda ya sa ta cikin kifi.

Mun yi jira fiye da yadda na zata, don maganin ba a ajiye yake ba. Daga ƙasar waje ake kawo shi a jirgin sama, kuma sai an tara masu sha kafin a yi oda. Na tambayi dalili, wata nas 'yar zango mai suna Sista Mariyama ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce aidin ne, amma irin wanda ƙwayoyin cikinsa ba su da natsuwa. Kowace ƙwaya, ƙanƙanuwa ce da ido ba ya gani, wata rana sai ta fashe ta fitar da wani tiriri, ta koma wani abu dabam marar lahani. Ba wanda ya san wacce za ta fashe yanzu, amma an san duk bayan kwana takwas rabinsu sun tafi. Ko an sa shi a firji, ko an kulle a akwati, mutuwa yake yi da kansa.

Inna ta ce, “Kamar gugguru cikin tukunya ke nan. Ba ka sanin wadda za ta hwashe.”

Sista ta ce haka ne, sai dai wannan ba a hura masa wuta, ba a kuma rage masa. Ta ce tiririn iri uku ne a duniya. Akwai alfa, mai nauyi ne, ko takarda tana tare shi, wannan maganin ba shi da shi. Akwai beta, shi ne ma'aikacin: wuya ne ke zuƙe aidin daga jini, beta ya tsaya nan cikin ƙullin ya ƙone shi a hankali, tafiyarsa a cikin nama ba ta wuce kaurin ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba. Sai gama, ɗan yawo, mai ratsa jiki ya fito waje ya sami na kusa. Shi sai dalma mai kauri ko bango, ko kuma nisa.

Ranar shan magani aka shigar da Inna wani ɗaki ita kaɗai, ina kallo ta gilashi. Wani ma'aikaci ya turo wata 'yar tukunyar dalma a kan keke, da ƙyar ya ɗaga murfin. Ya sa dogon matsefi ya ɗauko kafso guda ɗaya tak, bai fi na ciwon kai ba. Har waje na jiyo muryar Inna.

“Wagga 'yar ƙwaya munka ratso ƙasa huɗu dominta?”

Ta yi bisimilla ta haɗiye. Ba hayaƙi, ba haske, ba ta ko yi tari ba. Na ga a fuskarta tana ganin an yi mana wayo. Bayan ɗan lokaci Sista ta zo da wata na'ura mai kamar rediyo ta nufi wuyanta da ita. Sai na'urar ta kama ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi. Sista ta ja da baya taki biyu, ƙarar ta ragu sosai. Ta shiga bayan wani allon dalma, sai jefi-jefi. Inna ta dafa wuyanta. Ta ce, “Ashe da abu.”

Sannan likita ya jero dokoki, Sista na fassarawa. Ɗakinta dabam, kwanonta dabam, bayan gidanta dabam. Ta sha ruwa da yawa, don abin da wuya bai riƙe ba ta fitsari yake fita, da zufa, da yawu. Babba ya tsaya nesa da ita taki uku. Da aka zo nan Inna ta dubi bango ta ce wannan ba sabon abu ba ne tsakaninta da yaron can. Amma mai ciki da jariri, in ji likita, kada su matso ta sam, don wuyan jariri ya fi na kowa zuƙar aidin, kuma kaɗan ya ishe shi lahani.

Ni ne na tuna da dabino. Na yi wa likita bayanin yadda ake yi a wajenmu. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce in maimaita. Da na maimaita ya ce wannan ita ce hanya mafi kusa da za a kai maganin cikin wuyan yaro. Ya ce ba dabino, ba tofi, ba ɗauka, sai wata guda ya cika. Inna ta lissafa da yatsu, ta ce Sa'a na da sauran fiye da wata guda, ba damuwa. Amma daga kallon da ta yi wa bango na san zan ji a jikina.

Zaman ɗakin baya da aka ware mata a gidan Hajiya ya fi ciwon wuyan damunta. Hajiya Adiza, wadda ba ta iya cin abinci ita kaɗai, ta yi kuka ranar da ta fara ajiye wa baƙuwarta kwano a bakin ƙofa kamar mai horo. Maƙwabta suka fara raɗa, wai ko tarin fuka ne, sai da Sista ta biyo ta gidan ta yi musu magana. Aka ja layi da gawayi a tsakar gida, yara suka jeru a bayansa, Inna na zaune can cikin ɗaki tana ba su tatsuniya da ƙarfi da rana tsaka, abin da a gida za ta ce ba kyau. In ƙaramin cikinsu ya rarrafo ya ƙetare layin, ita da kanta ke ihu a zo a ɗauke shi, sannan ta juya baya.

Ta yi duk dabarar da ta sani don abin ya fita da wuri. Ta sha ruwa har buta biyun nan suka yi amfani. Ta yi wanka da ruwan zafi irin na jego, ta tsotsi tsamiya, ta nemi a samo mata sabara. Na ce ruwan na taimako wajen wanda ke yawo a jiki, amma wanda ya zauna a wuya sai lokacinsa ya yi. Da yake ba mai zuwa kusa sai ni, dole ta fara yi mini magana ba ta hannun bango ba. Nakan zauna a kan benci a bakin ƙofa, ita tana ciki, kowa na kallon gabansa.

“Kai mai lissahi, yanzu saura nawa?”

“In an yi kwana takwas, saura rabi, Inna. Wasu takwas ɗin, rabin rabi.”

“To in kullum rabi na, ai ba ya ƙarewa ke nan.”

“Zai kai inda ba ya iya komai. Ko na'urar ba ta jin shi sosai.”

“Hm. Kamar hushin ubanku.”

Daga nan sai ta ɗauko labarin Baba, yadda ya zo zance da keken aro, da yadda ta riƙa laɓewa bayan danga tana kallona ina koyon tafiya a gidan kakata. Ban taɓa sani ba. Kwanakin nan a kan bencin Hajiya Adiza su ne mafi daɗi a duk tafiyar, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da aka sake auna ta, ƙarar na'ura ta yi sanyi, likita ya ce za mu iya shiga mota, amma ta zauna jikin taga, babba a gefenta, kuma dokar jariri na nan daram. A tashar Akra wata mai goyo ta zo zama kusa da ita, Inna ta ce mata wurin da mai shi, ta yafito ni da hannu. Haka muka ratso iyakokin nan uku kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya tambaye mu komai.

Shirinmu shi ne Inna ta sauka a Tsafe wajen ƙanenta, Kawu Sani, ta cika sauran kwanakinta can, tunda Sa'a ta riga ta tare a ɗakin Inna na Bunguɗu. Saura kusan mako biyu. Da bas ta tsaya a Tsafe da safe na fara sauke kaya, sai ga Kawu ya fito daga rumfarsa ta hatsi yana washe baki. Ya ce barka biyu. Wani direba ya kawo labari yanzu-yanzu, Sa'a ta sauka da asuba, namiji, ya zo da wuri amma lafiya lau.

Inna ta koma ta zauna a kujerarta ta ce a mayar da kaya.

A Gusau muka canja zuwa ƙaramar bas. Duk hanyar Bunguɗu ina magana, ina tuna mata na'ura, ina tuna mata likita. Ta bar ni na gama, ta ce, “Gani kawai za ni. Ko shi ma likitan ya hana?”

Gidanmu cike yake da mata. Da suka gan ta aka ɗauki guɗa, suka taso za su rungume ta, ta ɗaga hannu ta ce kowa ya tsaya inda yake, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma can gindin darbejiya, nesa da ɗaki. Na ji daɗi, na ce to, an wuce wurin. Ban yi lissafi da Gwaggo Hurera ba, ƙanwar Baba, wadda ta karɓi haihuwar. Ta fito daga ɗaki da jariri a naɗe cikin zani.

“Allah ya kawo ki kan kari,” in ji ta. “Wanka mun yi mishi, amma ba mu bari kowa ya sa mishi komai baki ba. Sa'a ta ce dabinon Inna za a jira, ko da gobe na.”

Na ce, “Gwaggo, likita ya hana. Akwai sauran magani jikinta.”

“Wane magani? Ga ta nan garau, har ta yi kumatu. Mi ka gani jikinta? Ni ban ga komai ba.”

Mata suka ce gaskiya ne, maganar likitocin Gana ta ƙare a Gana. Wata ta ce yawun tsohuwa mai salla ba ya cuta. Daga cikin ɗaki na jiyo muryar Sa'a, a gajiye, tana cewa, “Inna, ki ba shi. Don Allah, Inna.”

Na juya ga Inna don ta goyi bayana. Bakinta na motsi. Ban san lokacin da hannunta ya kai haɓar zani ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Dabinon na cikin bakinta, ta riga ta tauna, idonta na kan ƙullin da ke hannun Gwaggo, Gwaggo kuma na tahowa. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba, kuma a gaban matan unguwa ban san ta inda zan fara ba. Na tsaya kamar an dasa ni. Yaron ya motsa, wata 'yar ƙafa ta fito daga cikin zani, Inna ta ɗago hannu, yatsanta ya nufi baki.

Sai na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta haɗiye.

“Tsaya nan, Hurera,” in ji ta. “Kada ki ƙara taki.”

Gwaggo ta tsaya. Inna ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Hawaye na bin fuskarta, ba ta da hannun sharewa, ba ta kuma nemi a share mata ba.

“Ni na ji abin da kunnena,” ta ce. “Yana nan, ko ba ku gani. A aika kasuwa a sawo sabon dabino, kada a taɓa na jikina.” Ta dubi gefen da nake, ba bango a wurin, sai ni. “Kai, tahi ka wanke baki da hannu. Kai za ka ba shi.”

Na ce ban iya ba. Ta ce ita ma ba da shi aka haife ta ba. Daga gindin darbejiya ta riƙa ba ni umarni da ƙarfi, duk unguwa na ji: in tauna sosai, in cire zaren, kaɗan ake lakatowa ba loma ba, da yatsan dama, a sama wajen dasashi. Na yi yadda ta ce. Yaron ya kama yatsana ya tsotsa, ya yamutsa fuska, ya sake tsotsa. Ta karanto addu'ar ina maimaitawa, da muka kai ƙarshe ni na tofa, ita ta rufe bakinta gam ta ce amin ta hanci.

Sannan ta ce in ɗaga shi sama, in juyo da shi wajen haske. Na ɗaga. Ta miƙo wuya iyakar miƙowa, ba ta tashi daga kan hannayenta ba, ta daɗe tana kallo.

“Sa'a!” ta kira. “Kin ji ni? Ɗanki ya yi kyau. Kwana goma sha huɗu na ara miki shi, ki riƙe min da kyau.”